YADDA A KE ƊAUKAR SHIRIN TALABIJIN NA ZAMANI DA TSOHUWAR NA'URAR BIDIYO

An rubuta wannan ɗan littafi ne domin hakimai, Allah ya ƙara musu girma, da kuma malamansu masu riƙe da takardun gunduma. Dalilinsa kuwa wata matsala ce da a ke yawan kawo kukanta. A gidajen sarauta da ofisoshin gunduma da dama akwai tsohuwar na'urar bidiyo, irin wadda a ke sa wa kaset, tana nan ajiye shekara da shekaru. Ga kuma sabon akwatin talabijin mai faɗi an saya, da dikodarsa, hoto garau kamar mutum ya miƙa hannu ya taɓa. Ran da za a nuna hawan salla, ko naɗin sarauta, ko wani jawabin hukuma a kan taki ko allurar rigakafi, sai hakimi ya umarci malaminsa ya ɗauka a ajiye. Malam ya jona eriya kamar yadda ya saba tun da, ya danna, ya tafi. Da gari ya waye ya kunna kaset, ba kome a ciki sai yayyafi da ƙara. Nan da nan sai a yanke hukunci cewa na'ura ta mutu, alhali kuwa lafiyarta ƙalau.

Gaskiyar maganar ita ce tsohuwar na'ura tana iya ɗaukar shirin zamani, amma da sharaɗi biyu. Na fari, tilas a bi da shirin ta cikin dikoda tukuna. Na biyu, kada a sa rai hoton zai fito da kyaun da aka gani a sabon akwati. Za mu bayyana dalilin kowanne, da yadda za a haɗa kayan, sa'an nan mu faɗi aikin da ya fi cancanta a sa na'urar ta yi yanzu.

ASALIN NA'URAR

Kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da na'urar kaset mai suna Betamax a 1975. A 1976 kamfanin JVC, shi ma na Japan, ya fito da tasa mai suna VHS. Aka yi ta gasa tsakaninsu, har VHS ta rinjaya, ita ce kuwa ta cika gidajenmu. A kan irin wannan kaset ne aka fara fito da finafinan Hausa a Kano, kamar Turmin Danya na 1990.

Abin da ke cikin kaset wani dogon zare ne mai faɗin rabin inci, an shafe shi da garin ƙarfe mai amsa maganaɗisu. A cikin na'urar akwai wata ganga mai sheƙi da ke juyawa sau 25 a daƙiƙa ɗaya, tana ɗauke da 'yan ƙananan kawuna. Zaren ya kan naɗe jikinta yana wucewa a hankali, kawunan suna rubuta hoton a kansa a karkace, layi bayan layi. In an zo kallo kuma, su ne ke karanta abin da suka rubuta.

Kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera waɗannan na'urori, ya daina a watan Yuli na 2016. Sabo da haka duk wadda ke hannunku yanzu, in ta lalace, ba sabuwar da za ta maye gurbinta. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

TSOHUWAR HANYA DA SABUWA

An fara talabijin a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, a Kaduna kuma cikin 1962. Tun daga lokacin, gidan talabijin ya kan aika da hoto ta iska a matsayin igiyar lantarki mai hawa da sauka, hawa da saukarta su ne ke nuna haske da duhun hoton. Akwatin talabijin na da, da na'urar bidiyo, duk wannan harshe su ke ji, domin a cikin kowannensu akwai abin kama tasha da aka gina dominsa.

Sabuwar hanya kuwa, wadda a ke kira dijital, ba haka ta ke ba. A kan mai da hoton ya zama lissafi, lambobi zalla, a matse su, a aika. Can a gida sai wata na'ura ta warware lissafin ta mai da shi hoto. Amfanin wannan shi ne tashoshi da yawa su kan shiga gurbin da tasha ɗaya ke ci a da, hoton kuma ba ya yayyafi. A taron da aka yi a Janeba cikin 2006, ƙasashen Afirka da na Turai da na Gabas ta Tsakiya suka amince su koma wannan hanya, aka sa 17 ga Yuni 2015 ya zama wa'adi. Nijeriya ba ta cika wa'adin ba, amma ta fara a Jos cikin 2016, Abuja ta biyo baya a ƙarshen shekarar, Kaduna a 2017, Legas da Kano a 2021. Tashoshin tauraron ɗan'adam kuwa, waɗanda a ke kamawa da faranti, sun riga sun koma dijital tun kafin wannan.

To, ga inda gizo ke saƙar. Abin kama tashar da ke cikin tsohuwar na'ura bai san lissafi ba. In aka jona masa eriya, saƙon yana iso masa, amma ba ya gane kome a ciki. Misalinsa kamar baƙo ne ya zo gaban hakimi yana magana da harshen da ba a ji a fada. Kunnen kowa lafiya lau, abin da aka rasa tafinta ne. Dikoda ita ce tafintar. Ita ke karɓar lissafin, ta juya shi zuwa tsohon harshe, ta miƙa wa na'urar bidiyo.

ABIN DA KASET ZAI IYA ƊAUKA

Hoton talabijin layi-layi ne a jere daga sama zuwa ƙasa, kamar kunyoyin gona. A tsohon tsarin da Nijeriya ta bi, mai suna PAL, layukan 625 ne, waɗanda ido ke gani a cikinsu 576, a kan kuma sake hoton sau 25 a daƙiƙa. Sabon hoto mai tsananin kyau, wanda a ke kira HD, layukansa 720 ne ko 1,080. A babbansa, kowane layi yana da ɗigo 1,920, jimla ɗigo 2,073,600 a hoto guda. In aka ƙidaya tsohon hoto da irin wannan ƙidaya, layi 576 ne kowanne da ɗigo 720, jimla 414,720. Duk malamin da ya raba zai ga kashi ɗaya ne cikin biyar daidai.

Wannan ma abin da waya ke kaiwa ke nan, kaset ba ya riƙe shi duka. Masana su kan auna kaifin hoto da yawan siraran ratsi fari da baƙi da za a iya bambantawa in an jera su a tsaye. Kaset ɗin VHS ba ya wuce wajen 240. Wani ingantacce da aka fito da shi a 1987, mai suna S-VHS, ya kan kai wajen 400. Launi kuwa ya fi kome shan wahala, shi ya sa jar alkyabba a kaset ta kan yi kamar ta zuba a gefe.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, a hawan salla za a ga doki, a ga mahayi, a gane fuskar wanda ke kusa, a ji kakaki da tambari sosai. Amma aikin zaren da ke wuyan riga, da adon linzami, da fuskokin jama'ar da ke nesa, da ƙananan rubutun da ke gudu a ƙasan akwati, duk za su yi dishi-dishi. Ƙwaryar da ke cin tiya ɗaya ba ta cin biyar, kome kyaun hatsin. Ba mai gyaran da zai iya sauya wannan, kada kuma a yarda wani ya karɓi kuɗi da sunan zai sa tsohuwar na'ura ta ɗauki HD. Kamfanin JVC ya taɓa yin wata iri mai suna D-VHS wadda ke ɗaukarsa, amma dabam ta ke da wadda muka sani, ba ta kuwa yaɗu ba.

YADDA ZA A HAƊA KAYAN

Abin da a ke bukata waya ce mai kai uku a kowane gefe, rawaya da fari da ja, wadda masu sayar da kayan lantarki ke kira wayar AV. Rawaya ta hoto ce, fari da ja na murya ne. A nemi guda biyu. Sa'an nan a bi wannan tsari:

1. A kashe wutar kayan duka kafin a taɓa waya.

2. A bar eriya ko wayar faranti a jikin dikoda yadda ta ke. Ba ruwan na'urar bidiyo da eriya yanzu.

3. A duba bayan dikoda, a nemi ramuka uku masu launin nan inda aka rubuta OUT, watau mafita. A soka waya ta fari, kowane kai a ramin launinsa.

4. A kai ɗaya gefen bayan na'urar bidiyo, inda aka rubuta IN, watau mashiga. Nan ne a ke yawan kuskure, domin ramukan shiga da na fita kamarsu ɗaya, suna kuma kusa da juna. In na'urar ramin murya ɗaya gare ta, a soka farin a bar jan.

5. A ɗauki waya ta biyu daga mafitar na'urar bidiyo zuwa mashigar AV ta akwatin talabijin, domin a riƙa ganin abin da na'urar ke karɓa.

6. A kunna wuta. A juya akwatin talabijin zuwa AV. A na'urar bidiyo kuma a bar lambobin tasha, a juya ta zuwa AV, wasu kuma L1 ko LINE aka rubuta musu. In hoton dikoda ya bayyana, haɗi ya yi.

7. A sa kaset, a ɗauki minti biyu, a mai da shi baya, a kalla, a saurari murya. A yi wannan gwaji kwana ɗaya ko biyu kafin ranar shirin, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Yawancin dikodoji suna fid da hoto ta hanya biyu a lokaci guda. Sabo da haka a kan iya barin wayar HDMI, mai faffaɗan baki, tsakanin dikoda da akwatin talabijin, mai gida yana kallon hoto garau, kaset kuma yana ɗaukar nasa ta wayar AV.

CIKAS DA A KAN SAMU

Wasu sababbin dikodoji ba su da ramukan nan uku, sai HDMI kaɗai. Maganin wannan wani ɗan akwati ne da bai kai tafin hannu ba, mai karɓar HDMI ya fid da AV, yana kuma bukatar tasa wutar. A lura wajen saye, domin akwai mai yin akasin haka, kamarsu kuwa ɗaya. Har wa yau, wasu shirye-shirye suna zuwa da kulle da masu su suka sa don hana kwafa. In aka tarar da haka hoto ba zai wuce ba, kuma ba laifin kayanku ba ne.

Na'urorin gwanjo da suka fito daga Turai su kan zo da wani dogon rami mai haƙora 21 maimakon ramuka uku. Akwai ɗan mahaɗi da a ke sayarwa dominsa. In yana da maɓallin IN da OUT, a tura shi wajen IN lokacin ɗauka.

In hoto ya fito ba launi, ko yana birgima, tsari ne ya saɓa. Amurka tsarinta NTSC ne mai layi 525, Jamhuriyar Nijar kuwa ta bi SECAM irin na Faransa. Hakiman da ke bakin iyaka su lura da wannan. A shiga saitin dikoda a zaɓi tsarin da na'urar ke ji, wanda a wajenmu galibi PAL ne.

In mutane suka fito sirara dogaye kamar an matse su, sifar hoto ce. Sabon hoto faɗinsa 16 ne tsayinsa 9, tsoho kuwa 4 da 3. A saitin dikoda akwai zaɓin da ke sa baƙin gefe sama da ƙasa, hoton ya fito cikakke ko da ya ke ya ƙanƙance. Akwai kuma wanda ke yanke dama da hagu ya cika akwati. A taron sarauta gara na farin, don kada a yanke waɗanda ke zaune a gefen sarki.

Agogon na'urar bidiyo yana iya tashe ta ya kuma tsai da ita a lokacin da aka sa masa, amma ba shi da iko a kan dikoda. Ba zai kunna ta ba, ba zai sauya mata tasha ba. Tilas a bar dikoda a kunne a kan tashar da a ke so, a ɓoye rimot, domin duk wanda ya sauya tasha ko ya buɗe saiti, abin da kaset zai ɗauka ke nan. In aka ɗauke wuta kuma, agogon yawancin na'urorin ya kan ɓace. Mafi aminci shi ne a sa mutum guda ya zauna har a gama.

KASET DA TSAWONSA

Lambar da ke jikin kaset mintocinsa ne. E-180 awa uku ne, E-240 awa huɗu, in an ɗauka da gudun da aka rubuta SP. Akwai gudu na biyu, LP, mai ninka lokacin, amma hoton ya kan ƙara lalacewa, wata na'urar ma ba ta karanta abin da wata ta ɗauka da shi. Abin da za a ajiye don tarihi, a ɗauke shi da SP.

A gefen kaset akwai ɗan harshen roba. In aka karye shi, na'ura ba za ta yarda ta yi ɗauka a kansa ba. Duk kaset mai daraja a karye harshensa yau. Sababbin kaset sun yi wuya, sabo da haka a kan ga malam ya jawo tsoho daga kabad, ya toshe ramin da salatif, ya ɗauki labarun yamma a kansa. Na'urar ta kan goge abin da ke kan zare kafin ta rubuta sabo, abin da ta goge kuwa ya tafi har abada. Kada a yi ɗauka a kan kowane tsohon kaset sai an kalle shi daga fari har ƙarshe, an kuma sami iznin hakimi.

HANYAR DA TA FI

Da babu gara ba daɗi, amma inda hali ya samu akwai abin da ya fi kaset. Dikodoji da yawa suna da ramin USB. In aka soka filashi ko ma'ajin kwamfuta a ciki, aka danna maɓallin ɗauka, sai dikoda ta ajiye lissafin nan yadda ya zo, ba ragi, hoto ya fito kamar ranar da aka nuna shi. Ita ke kula da lokaci da tasha da kanta. Sai dai wasu kamfanoni su kan kulle abin da aka ɗauka, ba ya buɗuwa sai a dikodar da ta ɗauke shi. A gwada a kwamfuta tun da wuri. Shirin da ya shafi gunduma kai tsaye kuwa, babu laifi malam ya rubuta wa gidan talabijin takarda da sunan hakimi, ya roƙi kwafi.

A tuna kuma shiri yana da masu shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta a 2022, ta hana kwafar aikin wani a sayar ko a nuna don kuɗi ba da izninsa ba. Hakimai su ne iyayen ƙasa, daga gare su a ke koyi.

AIKIN DA YA FI CANCANTA DA NA'URAR

Yanzu mu komo kan maganar da muka ce a riƙe. Shirin yau yana da hanyoyin ajiya da yawa. Amma kaset ɗin da aka ɗauka a 1985 ko 1995, na naɗin hakimin da ya rasu, ko na sulhun iyakar gona, ko na buɗe masallacin Juma'a, ba abin da zai karanta shi sai wannan tsohuwar na'ura. Kawunanta suna cinyewa da kowace awa ta aiki, robobin cikinta suna bushewa ko ana aiki ko ba a yi. Zaren kaset shi ma ba ya dawwama. Zafi yana lanƙwasa shi, danshin damina yana sa masa fumfuna, ƙurar hunturu tana karce shi. Sau da yawa kuwa kwafi ɗaya tak ke akwai a duniya. Sabo da haka sauran ƙarfin da ya rage wa na'urar, ya fi kyau a kashe shi wajen ceton na da.

Ga abin da ya kamata malamin gunduma ya yi. Ya tattara kaset ɗin duka, ya ba kowanne lamba, ya buɗe littafi ya rubuta abin da ke ciki da shekararsa. Wanda ya ga farin gari ko tabo a kan zarensa ta tagar kaset, kada ya sa shi a na'ura, domin zai ɓata kawunan ya kuma shafa wa sauran. A ware shi a kai wa gwani. Masu lafiya a jera su a tsaye kamar littattafai, cikin kwalayensu, a ɗaki mai sanyi marar danshi, nesa da lasifika da janareto da duk abin da ke da maganaɗisu.

Sa'an nan a juye su zuwa kwamfuta. Akwai ɗan abin da a ke sayarwa mai karɓar wayar AV ta gefe ɗaya, ya shiga ramin USB ta ɗaya gefen. Masu ɗaukar hoton biki a birane da yawa sun san aikin. Ba a gaggauta shi, kaset mai awa uku awa uku zai ci. A fara da mafi tsufa da mafi daraja. Juyewar ba za ta ƙara wa hoton kyau ba, amma za ta tsai da lalacewarsa, domin kwafin kaset daga kaset kullum raguwa ya ke yi, kwafin lissafi kuwa daidai ya ke da uwarsa. A yi kwafi biyu ko uku, ɗaya a ofis, ɗaya a gidan hakimi, ɗaya a aika fadar sarki. Kada a zubar da kaset ɗin bayan an juye.

Abu na ƙarshe, a zaunar da dattawan fada a nuna musu, malam yana gefe da alƙalami, su faɗi sunan kowane mai sarauta da kowane bafade da ya gilma, a rubuta a littafin nan tare da mintin da ya bayyana. Hoto ba ya faɗin sunan kowa, waɗanda suka san fuskokin kuwa kullum raguwa su ke yi.

Muna roƙon hakimai su sa a karanta wannan a gabansu, su kuma ba malamansu umarni a fara ƙidayar kaset kafin damina mai zuwa. Allah ya ja zamaninku, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.